Kwashoniya, wasan kwaikwayo ko rikodin hirar gaske: wanne za ka ɗauka a firojek ɗinka?

Wannan rubutun na ƙannenmu ne na nan Katsina da Daura masu shirin firojek ko mastas a kan yadda mutum ke hira da yaren da ba nasa ba, ko Bahaushe ne da Turanci, ko ɗan Islamiyya da Larabci, ko ɗan Ibo mai shagon kayan mota da Hausa, ko kofa da aka turo bautar ƙasa ya iso ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Tofik ɗin kam ba ya wuya, inda ake cijewa shi ne cafta ta uku, watau ta ina zan samo data. Hanyoyin da aka fi bi uku ne: ka raba takarda mutane su rubuta abin da za su faɗa, ko ka haɗa mutum biyu su yi wasan kwaikwayo kana naɗa, ko ka je inda ake hirar da gaske ka kunna rikoda. Ni dai ba zan ɓoye inda na karkata ba, in tambayarka a kan hira ce to hira za ka naɗa. Amma kowace da ranarta, kuma akwai wanda in ya ɗauki ta ukun wallahi ba zai gama ba, shi ya sa nake so mu bi su a tsanake.

Mu fara da takarda tunda ita ce kowa ke rugawa gare ta. Ba kwashoniyar "na yarda, ban yarda ba" nake nufi ba, a'a, wadda ake ce wa DCT, inda za a ba ka ɗan labari, misali ka makara aji malam ya riga ya shiga, me za ka ce masa, sai a bar maka layi uku ka cike. Shoshana Blum-Kulka ce ta fito da ita fili a 1982, daga baya ita da Juliane House da Gabriele Kasper suka yi babban aikin nan na kwatanta roƙo da ban haƙuri a harsuna daban-daban da ya fito a 1989, kuma tun daga nan ɗalibai a duniya suke ta kwafa. Amfaninta a bayyane yake. Kuɗin fotokwafi kawai za ka kashe, da yamma ɗaya ka samu amsar aji guda, kuma kai ke juya labarin yadda kake so, nan wanda ake roƙo malam ne, can aboki ne, can ƙane ne, sai ka ga yadda magana ke sauyawa da girman mutum. Ga tebur ga kaso cikin ɗari, ranar difens ba mai ɗaga maka murya.

Matsalar ita ce abin da mutum ya rubuta zai faɗa da abin da yake faɗa ba ɗaya ba ne, kuma wannan ba zato ba ne, an gwada. Leslie Beebe da Martha Cummings sun kwatanta yadda mutane ke ƙin amsa roƙo a takarda da yadda suke ƙi a waya da gaske, aikin ya fito a 1996, suka ga na wayar ya fi tsawo nesa ba kusa ba, da maimaici da kewaye-kewaye da ja-in-ja, na takardar kuwa gajere tsaf. Andrea Golato kuma a 2003 ta duba yadda Jamusawa ke amsa yabo, a takarda wasu suna rubuta godiya, amma a hirarrakin da ta naɗa kalmar godiyar ba ta fito ba. To wannan fa mutanen da ba su kai mu kewaye ba kenan. Kai ka duba yadda Bakatsine ke zuwa neman rance wajen yayansa. Sallama, ina wuni, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya aka ji da zafi, a sha ruwa, a taɓa zancen tsadar masara, sannan "dama wucewa na zo yi na ce bari in leƙo", sai shiru, sai yayan da kansa ya ce "lafiya dai ko?", a nan ne maganar za ta fara fitowa rabi-rabi. In kuma ba za a bayar ba ba za ka ji "a'a" ba, "to bari mu ga abin da Allah zai yi zuwa jibi" za ka ji, kowa ya gane. Roƙon nan mutum biyu ne suka gina shi tare, ta yaya zai shiga layi uku? Kuma abin sha'awar ga mai bincike shi ne, in Bakatsinen nan ya koma Turanci yana ɗauko wannan tsarin ya tafi da shi ko yana ajiye shi a ƙofa, takarda ba za ta taɓa nuna maka ba. Amsar DCT kamar hoton sallah take, mutumin ne da gaske amma cikin kayan da ba su yake sawa kullum ba.

Sai ƙarin damuwa biyu namu na gida. Yaranmu duk takardar da aka miƙa masu da Turanci jarabawa ce a wurinsu, za ka ga ana leƙen na kusa, amsa ashirin iri ɗaya sak irin ta littafin aji. Na biyu, takarda tana korar mutanen da suka fi daɗin nazari. Buzun da ke gadi ko mai shayin da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram, ko matar Bayerabe mai sayar da atamfa da ta shekara da shekaru tana ciniki da Hausa, bakinsu ya iya amma ba su taɓa rubuta ta ba. Saboda haka ka ɗauki DCT in abin da kake nema shi ne me mutane suke ganin ya dace a faɗa, wane salo suka sani a ka, kuma kana son kwatanta mutane da yawa. Wannan tambaya ce mai kyau, ba raini. Kawai kar ka sa wa aikin suna nazarin hira. Kuma don Allah in za ka yi, ka tsara labaran da kanka daga rayuwar nan, kar ka kwaso na Turawa irin na ɗalibin da ke roƙon abokin zamansa ya share kicin, ka sa na mai Keke Napep da ya wuce da kai inda za ka sauka, ko na neman uzuri wajen malamin Islamiyya.

Wasan kwaikwayo shi ne tsaka-tsaki. Ka ba wannan kati, kai ne mai gidan haya, ka ba wancan, kai ne ɗan haya da bai biya ba, ka kunna waya su yi ta yi har su ƙare da kansu. Nan kam za ka samu karɓa-karɓar magana, da in-ina, da neman kalma, da inda aka katse juna, kuma a ɗaki mai shiru, sauti fes. Babban abin da ya fi sauran biyun da shi shi ne maimaitawa, yanayi ɗaya za ka iya ba ɗan JS1 da ɗan SS3 ka ga bambanci, ko ka ba mutum ɗaya farkon zango da ƙarshensa. Amma ba wanda zai yi asarar komai, ba wanda za a kora daga gida, shi ya sa wani sai ya yi ta zuba rashin kunyar da ko a mafarki ba zai yi wa dattijo ba, wani kuma dariya ta kama shi. Sannan kunya. Ka ce wa ɗaliba budurwa ta kwaikwayi ƙin umarnin malami namiji a gaban rikoda, shirun da za ta yi ba na rashin Turanci ba ne, in ka lissafa shi a matsayin rauni ka zalunce ta kuma ka ɓata sakamakonka.

In dai sai an shirya zaman ne, ni na fi son ɗan'uwansa, aikin da ke tilasta mutum biyu su yi magana don kowa na riƙe da abin da ɗayan bai da shi. Hoto biyu masu kama da juna da ƴan bambance-bambance, a zauna baya da baya a gano su da baki, ko taswira, wannan ya kwatanta wa wancan hanya daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro. Irin wannan ne masu bin ra'ayin Michael Long, masanin koyon harshe na biyu, suka yi ta amfani da shi tun shekarun 1980, don shi a ganinsa koyo yana faruwa ne a daidai inda aka kasa fahimtar juna aka tsaya ana "me ka ce?", "kana nufin kaza?" har a daidaita. A nan ba wanda ke kwaikwayon kowa, buƙatar ta gaske ce ko da ƙarama ce, kuma za ka iya ƙirga sau nawa aka nemi ƙarin bayani. Ga ɗan digiri mai zango ɗaya wannan hanya ce mai albarka sosai.

To sai rikodin hirar gaske. Asalin wannan hanyar ba ma daga masu koyar da harshe ta fito ba, masana zamantakewa ne a Amurka, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson. Takardarsu ta 1974 ta nuna yadda mutane ke karɓar magana daga bakin juna ba tare da wani alƙali ba, ta 1977 kuma ta nuna yadda ake gyara in magana ta karkace, da cewa mutane sun fi barin mai magana ya gyara da kansa a kan su gyara masa. Jefferson ce ta tsara alamomin da har yau ake rubuta hira da su, inda ake auna shiru da kason sakan, a nuna inda murya biyu suka hau juna, da jan wasali, da dariya, har da jan numfashi. Za ka ce wannan ai wahalar da kai ne, to ji wannan. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna harsuna 10 suka ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici wajen milisakan 200 ce, Japanawa suka fi sauri, mutanen Denmak suka fi jinkiri amma ko su ba su kai rabin sakan ba. Kenan shirun sakan ɗaya cur magana ce, yana iya zama alamar "a'a" na tafe, ko ana laluben kalma, ko a wurinmu ladabi ne. Wanda bai naɗa ba bai ma san an yi shirun ba.

Masu nazarin harshe na biyu sun daɗe ba su waiwayi wannan ba, sai a 1997 Alan Firth da Johannes Wagner suka yi rubutun da ya tada ƙura, suna cewa an mayar da mai koyo kamar wani naƙasasshen mai magana da ba a ganin komai a bakinsa sai kuskure, alhali a kasuwa da ofis mutane na biyan buƙatunsu da ɗan abin da suka iya. Wannan maganar tana taɓa ni ƙwarai don kullum muna ganinta. Ga irin abin da duk mai shiga shagunan kayan gyara ya saba ji (lambar da ke cikin baka tsawon shiru ce da kason sakan):

Mai shago: Jiya yarinya na ya zo, ya ce kai ka aiko.
Mai saye: (0.6) Wa fa? Yaron shagon?
Mai shago: A'a, yarinya na, wanda yana makaranta.
Mai saye: Au, ɗiyarka. E ni na aiko ta.
Mai shago: Ehen, ɗiya na. Ta ce guda biyu.

Mai neman kuskure zai ja layi a ƙarƙashin "ya" ya rubuta matsalar jinsi ya wuce. Amma dubi abin da ya faru. Mai sayen ya sha jin "ya" a wurin "ta" daga bakin mutumin nan bai taɓa tankawa ba, yau ya tanka ne don bai san wa ake nufi ba, kuma ko da ya tanka bai ce ka yi kuskure ba, tambaya ya yi bayan ɗan jinkiri. Sannan ya saka "ɗiyarka" da "ta" a cikin amsarsa kamar ba komai, mai shagon ya cafke su duka biyu a layi na gaba. Darasi ne aka yi a tsaye cikin ƴan daƙiƙu ba wanda ya ji kunya. In ka ba su biyun kwashoniya, mai sayen zai ce shi ba ya gyara wa kowa Hausa, kuma iya gaskiyarsa ya faɗa.

A aji ma haka. Tun 1975 John Sinclair da Malcolm Coulthard a Ingila suka nuna tsarin nan na malam ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malam ya yanke hukunci. Roy Lyster da Leila Ranta a 1997 sun naɗi azuzuwan Faransanci a Kanada suka ga kashi 55 cikin 100 na gyaran da malamai ke yi shi ne su maimaita maganar yaro a gyare ba tare da sun ce ya yi kuskure ba, kuma shi ne gyaran da yara suka fi bari ya wuce ba su ɗauka ba. Mu namu ajin fa? Amsar taro ta "yes sa", da malam ya yi bayani da Turanci ya ga idanu sun yi fari ya juya "kun gane ko? abin da ake nufi shi ne…". Ka tambayi malamin a takarda zai ce da Turanci yake koyarwa, ba ƙarya yake ba, bai lura ba ne. Ni a ganina juyawar nan gwaninta ce da ta cancanci a rubuta ta, a ga a wane gurbi take zuwa da abin da take gyarawa.

Yanzu kuɗin da za ka biya, don tana da tsada, ba ta naira ba ta lokaci. Waya mai kyau ta isa, ka sa ta a yanayin jirgi kar kira ya yanke maka, in da hali ka sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga. Abokan gabarka janareto ne da fanka da hon ɗin Keke Napep da iskar hunturu, ka gwada wurin tukuna kafin ranar. Rubutawar ita ce dutsen, in za ka bi alamomin Jefferson sosai minti ɗaya na hira yana iya cin maka kusan awa, musamman in mutum uku ne suna hawa kan juna. Manhajojin sauti irin su ELAN da Audacity da Praat duk kyauta ne, ELAN zai jera maka sauti da rubutu layi-layi kowane mai magana da nasa. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu kuwa kar ka dogara da su, suna rikicewa in an cakuɗa Hausa da Turanci, kuma suna share in-ina da maimaici da shiru, watau ainihin datar taka.

Sai abin da masanin harshe William Labov ya yi magana a kai a 1972, kana son ka ji yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, amma ba yadda za ka ji sai ka kalle su. Maganinsa haƙuri ne, ka yi ta zuwa har a saba da kai, ka watsar da mintocin farko na rikodin, ko ka bar wayar a hannun ɗaya daga cikinsu ka tafi. Abin da ba magani ba shi ne naɗa a ɓoye. Kar ka yi. Cin amana ne, addini ya hana bin diddigin sirrin mutane, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Ka nemi izini da Hausa a fili, ka faɗi wa zai ji da inda za a ajiye, ka canza sunaye a rubutu, in yara ne sai da yardar hedimasta da iyaye, kuma kar ko da wasa ka tura wa aboki a WhatsApp don abin ya ba ka dariya. Matan aure da yawa ba za su yarda da bidiyo ba, wasu ko murya sai maigida ya amince, ka girmama hakan. A nan ƙannena mata ku ke da babban rabo, ku ke iya shiga tsakar gida inda amaryar da aka auro daga wata ƙabila ke koyon Hausa a bakin uwar miji da faccaloli, wurin da namiji ba zai taɓa kai rikoda ba. Saƙon murya na WhatsApp kuma da wasu ke tambaya, data ce mai kyau ga wata tambayar, amma ba karɓa-karɓa a cikinta, kowa shi kaɗai yake magana ya goge ya sake.

Ranar difens za a tambaye ka mutum nawa, in ka ce shida wani zai ɗaga gira. Amsarka ita ce ba mutane kake ƙirgawa ba, wuraren da abin ya faru kake tarawa, duk inda aka yi gyara a cikin awa biyun nan ka ciro shi ka jera ka nuna tsarinsa. Amma kai ma ka tsaya iya nan, kar ka rubuta "Hausawa masu koyon Turanci suna kaza" daga baki shida, wannan ikon mai kwashoniya ne ya fi ka shi. In kana son sanin dalilin wani shiru, akwai dabarar da Susan Gass da Alison Mackey suka yi wa littafi a 2000, ka kunna wa mutum rikodin ɗinsa ka tambaye shi me ke ransa a daidai nan, da wuri kafin ya manta, kuma da Hausa. Wanda kuma fita ba ta yiwu masa ba, akwai rumbunan data na kyauta kamar TalkBank da ɓangaren Najeriya na ICE (rumbun Turancin ƙasashe daban-daban), sai dai ka san tambayarka ce za ta bi abin da ke ciki.

To wa zai ɗauki me? In NCE kake ko digiri, zango ɗaya gare ka ga kwasa-kwasai, ka yi aikin hoto biyu ko taswira da mutum takwas zuwa goma, ko DCT da ka tsara da kanka ka kira ta da sunanta. In mastas ne kuma tambayarka ta ƙunshi yaya ake gyara, yaya ake juya harshe, yaya ake ƙi ko roƙo, ka naɗi hirar gaske, awa biyu ko uku a wuri ɗaya sun ishe ka, ka saurare su duka amma guntayen da suka shafi tambayarka kawai za ka yi wa rubutun ƙwaƙƙwafi. In safabaizanka mutumin lissafi ne ba ya ganin aiki sai da tebur, kar ku yi rigima, ka haɗa biyu, mutanen da ka naɗa su cike DCT a kan irin yanayin, bambancin da zai fito tsakanin bakinsu da alƙalaminsu shi kansa cafta ta huɗu ce. Kuma kafin ka miƙa firofozal, ka naɗi minti biyar na hirar abokanka da izininsu ka zauna ka rubuta ta tsaf, ka duba agogo, sai ka ninka da yawan abin da kake shirin yi wa alkawari.